Neman Idon Ɗan Tayi Daga Bawku Zuwa Salaga

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A wurin mai shayi, a bakin masallaci, har wurin mai facin keke, tambayar ɗaya ce: "Sabi'u, wai da gaske idon akuya ka je nema har Gwanja?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri da zarar ya juya baya. Har na ji an ce buhu guda na idanu na shigo da shi. To ga yadda abin ya kasance, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Bari in fara da aikin, don kada ku yi mini kallon da 'yan kwastan suka yi mini. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri, bai fi ɓawon albasa kauri ba, shi ne yake karɓar haske. Muna ce masa ratina. Idan haske ya shigo, tantanin nan yakan saki wani sinadari mai suna dofamin, ya sanar da sauran ƙwayoyin cewa a ajiye aikin duhu a ɗauki na rana. Amma saƙo ba ya amfani sai da mai karɓa, su kuma makarɓan dofamin ɗin nan ba a fara halittar ido da su, daga baya suke tsirowa. A ɓera da zomo, waɗanda ake haifa ido rufe, suna cika ne wajen lokacin da idon zai buɗe. Ɗan akuya fa? Yana faɗowa ido buɗe, kafin la'asar yana tsalle. Ke nan a cikin uwarsa ya gama shiri, bai taɓa ganin haske ba. Yaushe? Amsar wannan tambaya ita ce digirina na biyu.

Ba ni na fara aikin ba. Malamina Dakta Seidu ne, mutumin Salaga ta ƙasar Gana, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a jami'armu. Duk hutu in ya je gida sai ya dawo da idanun 'yan tayin gajerun awakin ƙasarsu a kwalabe. Da albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata sai ya tattara ya koma gida noma, ya bar mini kwalaben da littafinsa. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki. Muna da na wata ɗaya har zuwa uku, babu alamar makarɓan a cikinsu. Muna da na wata huɗu zuwa haihuwa, sun cika maƙil. Na tsakani, wato wata uku da 'yan kwanaki, babu ko ɗaya. Jar akuyarmu kuma ba za ta toshe gurbin ba, domin da tsawon ɗan tayi ake gane kwanakinsa, ma'aunin Dakta kuwa na gajeru ne.

Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce in na kammala kafin ƙarshen zango, kujerar ƙaramin malami tawa ce. In ban kammala ba za a ba wani, ni kuma in ci gaba da wanke kwalabe kamar yadda na shekara tara ina yi. Na karɓi hutun wata guda, na ɗauki fulas ɗin ƙanƙara da kwalabe da ruwan adana nama, na kama hanya ana tsakiyar damina.

Ta Sakkwato na bi, na fita ta Kamba, na ƙetare Kwara a Gaya, na ratsa Benin da Togo. Kwana uku ina zaune a kan taya ko buhu, gwiwoyina a haɓata. A Sankasi, inda ake shiga Gana, wani ɗan kwastan mai ƙaton ciki ya jera kwalabena a kan tebur yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ya ce giyar ogogoro ce. Na rantse masa ba ita ba ce, na ce don Allah kada ya shinshina. Ai kamar na ce masa bismillah. Ya buɗe, ya kai hanci, ya ja da ƙarfi. Sai ga ƙato yana hawaye yana tari yana neman bango, abokansa suna ta dariya har da riƙe ciki. Da ya dawo hayyacinsa bai ƙara tambayata komai ba, da hannu kawai ya nuna mini ƙofa.

Bawku ta ba ni mamaki. Na zaci zan sha wahalar yare, sai na tarar Hausa ce ke sayar da kaya a kasuwa, ƙabilun Kusasi da Mosi da Busanga duk da ita suke ciniki. Sai dai Hausar ba ruwanta da mace da namiji. Mai masaukina ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa, yana zuwa yanzu," na yi ta baza ido in ga ƙato, sai ga baiwar Allah da goyo. Kasuwarsu kuma duk bayan kwana uku take ci, ba mako-mako kamar tamu ba. Da safe aka kawo koko da ƙosai, na ce gida. Da rana aka kawo shinkafa da wake da suke kira wace, ja-ja-jur saboda karan dawa da ake dafa ta da shi, an ɗora mata taliya da garin kwaki da ƙwai da wani baƙin yaji. Na ce wannan ba abinci ɗaya ba ne, taron dangi ne. Na cinye tas.

Washegari na yi wautar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na tafi kwata da sassafe, na tsaya a tsakiyar mahauta da fulas ɗina, na yi sallama, na ɗaga murya na ce ina neman 'yan tayin awaki, duk wanda ya samu a cikin wadda ya yanka ya kawo mini. Kowa ya sunkuyar da kai ga aikinsa. Har rana ta yi tsaka ba wanda ya dube ni, na koma masauki hannu rabbana.

Da yamma wani mahauci mai suna Amadu ya biyo ni. Ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Masa," haka suke kiran ɗan boko a can, "ka zage mu fa."

"Ni? Da me?"

"Ka tsaya gaban jama'a ka ce muna yanka dabba mai ciki. Mahauci na gaske yana taɓa ciki kafin ya saya. In ya yanka ya ga ɗa, kunya ne. Yana rufe shi da ganye, ya binne, ba ya gaya ma kowa. Kai kuma ka zo kana shela kamar mai tallan magani."

Rashin sani ya fi dare duhu. Amadu ya sa na sayi goro, ya kai ni wurin shugabansu, na durƙusa na ba da haƙuri, na yi bayanin aikin. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce ba zai hana ilmi ba, amma kada in ƙara shiga cikin kwata. In zauna bayan katanga a gindin dalbejiya. In abin ya faru wani zai leƙo ya ce, "Baƙonka ya zo." Haka aka yi. Sai in ruga, in auna, in cire idanun in jefa a kwalba kafin su huce, su kuma su binne sauran. Kwana biyar na yi, na samu huɗu. Dukkansu ba su wuce wata biyu ba.

Amadu ne ya warware mini dalili ranar da zan tafi. Ya ce ƙaramin ciki shi ke ɓuya wa hannu. In ya kai wata uku ko almajirin mahauci ya san shi. Manyan da Dakta ya tara kuwa na awakin da mota ta buge ne, ko waɗanda suka ci wani abu aka yi saurin yanka su kafin su mutu. Nan na gane gurbin da ke littafinmu ba sakacin Dakta ba ne, ƙwarewar mahauta ce.

Daga Bawku na shiga wata tsohuwar lori ta Garu. Da muka zo hawan dutse sai direba ya ce maza su sauka. Muka bi ta a ƙasa, yaran mota suna biye da gungumen katako suna cusa wa taya duk sanda ta tsaya numfashi. Ni dai fulas ɗina na rungume kamar jariri. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko nonon yaro ne a ciki. Na ce eh, na yara ne.

A Yendi na sauka gidan wani malami, abokin Dakta. Almajiran ilmi da 'yan kasuwa suna shige da fice, kowa ya zo sai ya tsuguna nesa, a yi ta gaisuwa da Dagbanci, mai amsawa yana ta cewa "naa, naa" har sai tambayoyin sun ƙare. Mu da muke taƙama da doguwar gaisuwa, can yara ne. Ni ma na koyi "naa" ɗin, na yi ta zuba ta ko an gaishe ni ko an tambaye ni hanya. Uwargidan malam, Mma Azara, tana da firjin kananzir da take sayar da ruwan sanyi, ta ware mini lungu guda ta ce ba ta son sanin abin da ke ciki. Ita ta fara ba ni wasawasa, wani baƙin dambu na garin doya. Kallon farko na ɗauka ƙasar gona ce, cokali na biyu na nemi ƙari.

Wannan karon da goro na fara, na kuma nemi gindin bishiyata. Kwana shida, 'yan tayi uku. Ɗaya ya kusa wata uku, na auna shi sau uku ina jan ma'aunin ko zai ƙaru, bai ƙaru ba. Wani mahauci mai suna Fuseini, mai yawan raha, ya gan ni ina wannan aikin banza ya ce, "Masa, kana wahala da kanka. Je kasuwa, sayi akuya mai ciki daidai yadda kana so, ka ba wani ya yanka. Wa zai tambaye ka?"

Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye. Amma maganar ta bi ni masauki, ta shiga lori tare da ni, ta zauna kusa da ni har Bimbila. Daga nan zuwa Salaga muka yi ta kauce wa motocin doya na Kpandai a cikin taɓo, sau biyu muna sauka turi, maganar Fuseini tana nan ba ta sauka ba.

Salaga garin da kakanninmu fatake suke ba da labari ne, Gwanja ta goro. Na zaci zan ga birni, sai na ga gari mai sanyin hali, da tsofaffin rijiyoyi ko'ina har mutum ya yi hankali da ƙafarsa. Tsofaffin unguwar Hausawa kuwa Hausarsu tsab take, har da kalmomin da rabona da jin su tun kakata. Na tarar da Dakta Seidu ya dawo daga gona a kan keke, ya yi baƙi ya rame, amma dariyarsa tana nan. Muka ci sakwara da miyar gyaɗa, ya duba kwalabena ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Ya haɗa ni da wani tsohon mahauci, Baba Gariba, wanda shi ya tara masa yawancin na baya. Kwana huɗu ina zaune bayan kwatar Salaga, baƙo bai zo ba ko sau ɗaya. Baba Gariba ba ya kuskure, yaransa ma haka.

Saura kwana biyu in juya, na faɗa wa Dakta shawarar Fuseini. Na so ya yi mini faɗa in huta. Bai yi ba.

Ya ce, "A manyan ɗakunan bincike haka ake yi, da takardar izini da sa hannu. In ka tambayi malamai, wasu za su ce maka makaruhi ne, ba su ce haramun ba. Ni dai ban yi ba, shi ya sa gurbin ya jira ka. Amma ni lokacin ina da kujerata, kai ba ka da ita. Ba zan zaɓa maka ba, Sabi'u."

Ranar kasuwa ce. Na zaga wurin awaki har na ga wata gajeruwa baƙa mai farin goshi, cikinta ya fara fitowa. Matar da ta kawo ta ta ce ciwon mijinta ne ya sa za ta rabu da ita. Na saya ban yi dogon ciniki ba. Na ja ta zuwa gidan Dakta ina ce wa kaina abin nema ya samu, amma bakina ɗaci yake. Akuyar kuwa ko a jikinta, ta cinye ɓawon doyar gidan ta kwanta tana tuƙa.

Bayan sallar asuba na kai ta kwata, fulas a kafaɗa, kwalba a buɗe a aljihu. Baba Gariba ya dube ta, ya dube ni. Ya tsuguna, ya sa tafin hannu a gefen cikinta na dama, ya rufe ido.

Ya ce, "Wata uku da kwana goma, ko sha biyar. Biyu ne."

Daidai abin da na ratso ƙasa huɗu ina nema, har guda biyu.

Na ce, "Baba, don Allah a taimaka. Aikina ne ya dogara da ita."

"Na sani, ɗana, Dakta ya gaya mini. Akuyarka ce, ba mai hana ka. Sai dai wuƙata ba ta cin rai uku da bismillah ɗaya da sanina. Shekara hamsin ban yi ba." Ya zaro wuƙar daga kube, ya juya ta, ya miƙo mini ƙotar. "Kai Musulmi ne, ka iya yanka. Yara, ku kayar masa da ita."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma bai tafi ba. Mahauta biyu suka kwantar da ita suka fuskantar da ita alƙibla. Na iya yanka, ni nake yanka ragon layyar gidanmu tun rasuwar mahaifina. Na durƙusa, na kama haɓarta da hagu. Baba Gariba ya ce in dafa ta da kyau kada ta motsa, ya kamo gwiwata ya matsa ta jikin cikin. Ko da gangan ya yi, ko gyaran zama ne kawai, ban sani ba har yau.

Sai na ji an shure ni. Ba akuyar ba, ita tana kwance shiru. Daga ciki ne, ɗan bugu kaɗan a gwiwata, sannan wani a ƙasa da shi. Shekara tara ina riƙe 'yan tayi a kwalba, na auna su, na yanka idanunsu siriri-siriri, ban taɓa jin ɗaya ya motsa ba. Na buɗe baki in yi bismillah, ta ƙi fita. Na tuna kujerar, na tuna matata da ta riga ta gaya wa danginta na kusa zama malami, na sake buɗe baki. Aka sake shurina.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Daga ƙarshe na juya wuƙar na miƙa wa Baba Gariba ƙotarta. Ya karɓa ya mayar kube, ya ce wa yaran su sake ta, ya juya ga saniyar da ke jiransa kamar ba abin da ya faru. Akuyar ta miƙe ta girgije, ta fara cin igiyar fulas ɗina. Haushi ya kama ni, na kaina da nata da na Gana baki ɗaya. Ban ji wani daɗi ba, kada wani ya ce muku na ji.

Na bar ta gidan Dakta. Da na gaya masa bai yaba mini ba, bai kuma yi mini jaje ba, cewa ya yi in ci abinci hanya da nisa. A Sankasi na tarar da ɗan kwastan ɗina. Yana hango fulas ɗin ya ɗaga hannu tun daga nesa ya ce in wuce.

Sauran kun sani, tun da a gabanku aka yi. Bakwai ɗin da na kawo ba su nuna komai sabo ba. Mai jarrabawa ya sa yatsa a tsakiyar jadawalina ya ce, "Malam, duk labarin yana nan, kai kuma nan ne ba ka da komai." Aka ce in ƙara shekara. Kujerar aka ba wani, yaron kirki ne, ni na koya masa riƙe madubin bincike. Matata ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana mai tsawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na yi ta rarrashin kaina da cewa wataƙila tsohon ya yi kuskure, wataƙila cikin ya wuce wata huɗu, ko da na yanka asara zan yi. Da wannan nake samun barci.

Ran nan ina ɗakin bincike masinja ya kawo mini wasiƙa mai kan sarkin Gana. Dakta ne. Bayan gaisuwa da labarin doya ya rubuta cewa akuyar ta haihu, ya sa ranar, ya ce biyu ne, mace da namiji. Ya ce, "Sun faɗo ido buɗe. Namijin ya bi kaza da kallo tun bai bushe ba. Abin da muke nema yana cikin idanunsu, sun gama shi ba su gaya mana ranar ba."

Na ciro kalanda daga bango na ƙirga baya, daga ranar haihuwar zuwa safiyar da na durƙusa a kwata. Na ƙirga sau biyu. Cikin yana wata uku da kwana goma sha biyu a ranar. Baba Gariba bai yi kuskure ba, ita ce wadda na je nema.

Na daɗe a tsaye da takardar a hannu. Sannan na ninke ta na sa a aljihu, na naɗe hannun riga, don kwalaben 'yan aji biyu suna jirana a bakin famfo.